Ango, Farar Mesar Sodangi

Sodangi taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa na riga na faɗa masa ido da ido. A Lambara aka haife mu, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Ni na tashi da noman albasa. Shi kuwa ya gāji gardanci, wato wasa da maciji, daga ubansa, wanda shi ma a hannun nasa uban ya koya. Ɗan siririn mutum ne, gajere, hannuwansa duk tabon cizo, ga taurin kai kamar jakin da ya hango gada. In ya ce ruwa ba ya jiƙa tufa, to ka ce masa haka ne ka wuce abinka.

Muna samari sana'ar tana ci. Ranar kasuwar Shagari ko ta Bodinga zai ɗora akwatunansa a keke, ya je ya shimfiɗa buhu, ya fito da kububuwa da gamsheƙa, jama'a su kewaye shi, ya sayar da maganin sara ya dawo da cefane. In maciji ya shiga rumbu ko ɗakin mata, shi ake aika wa. Daga baya abin ya fara ja da baya. Masu wa'azi suka sa gardawa a gaba, yara kuma suka samu waya, suna ganin macizan da suka fi nasa girma ba tare da sun tashi daga gindin bishiya ba. 'Ya'yansa maza biyu suka ce su ba za su taɓa wutsiyar maciji ba. Ɗaya ya tafi Sakkwato kabu-kabu, ɗayan ya yi kudu. Na san abin ya ci wa Sodangi rai.

Shekarar da aka yi babbar ambaliya, bayan ruwa ya janye daga fadama, masu gyaran kwamin albasa suka ci karo da wani abu a gindin shuri, suka watse da gudu suna cewa aljani ne. Aka kira Sodangi. Da rana tsaka sai ga shi ya leƙo ta kan katangarmu.

"Ummaru, taho ka ga abin da Allah yab ba ni."

Na zaga. Ɗan mesa ne, tsawonsa bai wuce hannuna ba. Na ga mesa ba adadi a rayuwata, dukkansu masu duhu da dabbare-dabbaren ƙasa-ƙasa, yadda in ta kwanta cikin ciyawa sai ka taka ta ba ka sani ba. Wannan kuwa fari ne kamar kindirmo, zanen bayansa ruwan ɗorawa, idanunsa jajaye. Zabiya ne, irin yadda ake samu a cikin mutane. Sodangi ya juya shi ya duba ƙananan faratan da ke kusa da wutsiya, ya ce namiji ne. Na ce to ga shi ya sha fararen kaya, sai a kai shi ɗaurin aure. Daga ranar sunan Ango ya bi shi.

Shekara biyu zuwa uku Sodangi ya sake zama mutum. Har daga Dandin Mahe da Dingyadi ake zuwa kallon Ango. A kasuwa sai an ture juna kafin a hango shi. Wani mai kuɗi daga birni ya aiko a saya, Sodangi ya ce a gaya masa ba a sayar da ɗa. Amma ya lura rana tana wahalar da Ango. In an fito da shi fili sai ya riƙa cusa kai cikin hammatar Sodangi yana neman duhu. Rana ɗaya kawai ya daina fita da shi. Ya gina masa ɗaki na laka a bayan gida, da ƙaramar taga da kwatarniyar ruwa, ya koma kasuwa da tsofaffin macizansa waɗanda ba mai son kallo. Na ce masa ya samu saniyar tatsa ya ɗaure ta a ɗaki yana ba ta dusa kyauta.

"Wanga ba macijin wasa na ba," in ji shi. "Amana ta. Allah ya ba ni abin da bai ba ubana ba, bai ba kakana ba. Ɗiyana sun ƙi gado, na ji. Shi ma in bar shi shi ƙare ga hannuna?"

Wannan ita ce maganar da ta cinye sauran rayuwarsa. Yana son Ango ya haifi fari irinsa kafin ɗayansu ya mutu, ba ya neman komai bayan wannan.

Lissafinsa irin namu ne na manoma, kuma ba wanda ya ga aibunsa. In ka shuka irin farar albasa, fara za ka cire. In ka sa farin rago cikin garke, ba ka rasa fararen 'yan raguna. Da Ango ya isa, Sodangi ya shiga daji ya kamo masa mace lafiyayya, muka yi ta yi masa barka da kawo amarya. Suka haɗu a lokacin sanyi. Da zafi ya shigo ta zuba ƙwai cike da kwando, ta naɗe su da jikinta, ta kwanta wata da watanni ba ci. Shi ma kusan haka ya yi. Ya bar kasuwa, ya bar gona, yana zaune bakin ƙofar yana yayyafa ruwa a ƙasa don kada ɗakin ya bushe.

Farkon damina suka fara ƙyanƙyashewa. Ina wurin, da hantsi ne. Ƙwan mesa ba ya fashewa kamar na kaza, laushi gare shi kamar fata, ɗan ne ke tsaga shi daga ciki ya leƙo da kai. Kai na farko ya leƙo, baƙi. Na biyu, baƙi. Sodangi ya tsuguna yana bin su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Kafin kwana biyu duk sun fito, babu fari ko na rantsuwa. Na ce, "To, albasa dai ba ta yi halin ruwa ba." Bai yi dariya ba. Ya ce laifin uwar ne, jininta ya fi ƙarfi. Ya mayar da ita daji, 'ya'yan kuma ya raba wa masu magani da masu sayen fata.

Amarya ta biyu ya zaɓo ta ne don ta fi ta farko haske. A kanta ya fara abin da ya sa gari ya ce ya taɓu. Tsofaffin mata suna cewa abin da mai ciki ta yawaita kallo shi ɗanta ke ɗaukowa. Sodangi ya shafe ɗakin da farar ƙasa ciki da waje, ya rataya farin ƙyalle a taga, ya hana a ba amaryar gafiya ko ɓera, sai farar kaza da farar tattabara. Shi kansa ba ya shiga sai da farar riga. Ƙwai ya zo, ya ƙyanƙyashe, baƙaƙe. Ta uku ma haka. A tsakanin nan ya sayar da gonarsa ta fadama, wadda ubansa ya bar masa, duk ta tafi a cikin kaji. Na yi masa faɗa har muka yi wata ba ma gaisawa. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Matarsa Inno mace ce mai haƙuri, mai kiwon kaji da tattabaru, kuma nata ne aka fara cinyewa kafin a kai ga na kasuwa. Bayan ƙyanƙyasa ta uku, ina zaune a tsakar gidansu, ta ajiye masa tuwo ta ɗan tsaya.

"Malam, ni dai ga tantabaruna ina ganin wani abu. Hwara takan hiddo baƙaƙe, sai kuma ɗiyan nan nata su zo su hiddo hwara. Jika yakan ɗauko kaka. Mi zai hana ka bar ɗiyan ga su girma su haɗu junansu? Ko ka mai da ma Ango guda cikin matan."

Sodangi ya ture kwanon.

"Wa da ƙanwa? Uba da ɗiyatai? Cikin gidan da nike salla? Inno, ni ba ɗan akuya nika kiwo ba. Kada in sake jin zancen ga."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta koma ɗaki. Maganar ta fita har ƙofar masallaci, kuma duk wanda ya ji ya ce Sodangi ya yi daidai. A wurinmu ba zagin da ya kai a ce da mutum ɗan akuya, saboda abin da bunsuru ke yi da uwarsa. Ango kuwa Sodangi bai taɓa ɗaukarsa dabba ba. Ɗa ne a gidan, kuma ba a yi wa ɗan gida irin wannan aure.

Amarya ta huɗu ta zo, ta yi ƙwai, aka sake samun baƙaƙe. Wannan karon bai rabar da su duka ba. Ya ware 'yan kaɗan da yake ganin kamar sun ɗan fi haske, ya ce wataƙila farin yana ƙarƙashi, in sun yi ta saɓa zai fito. Ya gina musu ɗakuna biyu, maza daban mata daban, kamar makarantar Islamiyya, ya sa ƙofar langalanga mai sakata a kowanne. Duk sanda ɗaya ya yi saɓa sai ya ɗauko shi ya kai haske ya duba. Kullum sabuwar fatar ta fi tsohuwar duhu da sheƙi. Shekara huɗu yana ciyar da su. Suka yi ƙiba, suka yi tsawo, suka isa haihuwa. Da sanyi mazan kan yi ta zagaye ɗakinsu suna goga hanci a ƙofa, shi kuwa sai ya ƙara dutse a bayan sakata. A cikin shekarun nan Inno ta ce za ta je Dingyadi ganin 'yarsu da ta haihu, ta tafi da kayanta a buhu, ba ta dawo ba. Bai je biko ba, don ba wanda zai bar wa ɗakunan.

Bara da sanyi Ango ya daina ci. Bakinsa ya kumbura, yana fitar da kumfa, in yana numfashi sai ka ji wani ɗan fito. Sodangi ya gwada duk saiwar da ya gāda, ba ta yi ba. Ranar nan na same shi tsaye tsakanin ɗakunan biyu, idonsa ya yi ja. Ya ce waɗannan banzaye sun cinye gonarsa, sun kore masa mata, sun cinye rabon ubansu, kuma ko farin ƙwayar gero ba su nuna masa ba. Da la'asar ya aika wa Maniru, mai sayen fata a Shagari. Maniru ya zo da buhuna da a-kori-kura ya kwashe su da ransu. Ni har daɗi na ji, na ce yau Sodangi ya fara hankali.

Washegari na lallashe shi muka ɗaure akwatin Ango a bayan babur ɗina, muka nufi Bodinga wurin malamin dabbobi, wani matashi mai suna Abdulrazak. Ya saba da shanu da tumaki, amma da aka buɗe akwatin bai ja da baya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya buɗe bakin Ango da ɗan itace ya duba.

"Baba, ciwon ga ya yi nisa, ya sauka ga huhu. Za mu wanke bakin mu yi allura, amma ba ni ɓoye maka, sai dai wani ikon Allah." Ya shafa bayan Ango. "Ban taɓa zaton in ga irin wanga ga ƙasarmu ba. Ya taɓa haihuwa?"

"Sau huɗu," in ji Sodangi. "Duk sun biyo uwayensu."

"Ai dole su biyo. Ina suke?"

Sodangi ya tambaye shi me yake nufi da dole. Abdulrazak ya ciro waya ya nuna mana wasu Turawa masu kiwon wani maciji na Kudancin Amurka, ɗan'uwan mesa, da suke kira bowa. Ita ba ta ƙwai, haihuwa take yi. Ga su nan cikin robobi jere a kan kanta, farare da rawaya, idanu jajaye, sak Ango. Ya ce su ma da guda ɗaya suka fara, wanda aka tsinta a daji, kuma haihuwar farko baƙaƙe suka samu, amma ba su yar da su ba. Da ya ga Sodangi bai gane ba, sai ya aika aka sayo goro biyu, fari da ja, ya ɓare su a kan tebur.

"Baba, kowane ɗa ɓari biyu na, guda daga uba, guda daga uwa. Ango ɓarinai duka biyu hwarare na, shi as sa yaf fito haka. Ke nan ba shi da abin da zai ba ɗa sai hwari. Uwar daji kau ja taka badawa." Ya ɗauki ɓarin fari ya kifa ja a kansa. "Mi kag gani?"

"Ja."

"To hwarin yana nan ƙasa, bai tahi ko'ina ba. Ba shi hitowa sai ya gamu da ɗan'uwanai. In ka haɗa ɗiyan junansu, cikin huɗu kana sa ran guda hwari. In ka mai da ɗiya ga uban, rabi da rabi."

Sodangi ya kafa wa goron ido. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ke nan dukkansu suna da shi?"

"Dukkansu, Baba. Babu ko guda da ba shi da shi. Ko Ango ya tahi, in kana da mace da namiji cikin ɗiyanai, ba ka yi hasara ba."

Sodangi ya juyo ya dube ni. Na riga na ciro wayata ina neman lambar Maniru. Tana shiga, ba a ɗauka. Muka bar Ango a hannun Abdulrazak muka hau babur. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Duk inda na rage don rami sai in sake kira da hannu ɗaya, tana shiga, ba a ɗauka. Sodangi na bayana ya riƙe rigata tun daga Bodinga har Shagari.

Gidan Maniru yana bayan kasuwa. Tun daga zaure muka ji ƙarni. Wayarsa tana kan taga, shi kuma yana tsugune yana wanke hannu, gefensa robobi cike da kitsen mesa da zai kai wa masu magani.

"Lahiya dai, Baba Sodangi? Ai tun da sahe munka hwara, yanzun nan nig gama da ta ƙarshe. Kai kac ce kada in bar ko guda."

Fatun suna tsakar gida. An tsaga su, an baje a kan katako an kafe da ƙusoshi, an barbaɗa gishiri. Kuma yadda ake shanya fata ke nan, bayan yana ƙasa, cikin yana sama. Ga su nan a jere cikin rana, dogaye, farare fat. Sodangi ya taka a hankali ya tsuguna a gabansu. Ya sa tafin hannu a kan ɗaya ya shafa tun daga wuya har wutsiya.

"Ummaru, ka gani? Ga shi nan kau. Ciki shike."

Na san kowace fata cikinta fari ne, ko ta akuya ce. Shekara sittin ina ba shi amsa kafin ya rufe baki, amma ranar nan tausayinsa ya kama ni har na juya na fuskanci bango.

Ango bai kai mako ba. Maniru ya aiko yana son fatar, Sodangi ya haƙa rami a cikin farin ɗakin ya binne shi da abarsa. Mun bi sawun 'ya'yan farko, wurin masu magani da gardawan da suka rage, har Dandin Mahe. Wasu an yanka tun tuni, wasu sun mutu, wasu an sake su a daji da suka gagari ciyarwa, ba wanda ya san inda suka nufa. A hanyar dawowa ya roƙe ni abu ɗaya, kada in gaya wa Inno abin da malamin dabbobi ya ce. Ta dawo bayan ta ji labarin mutuwar, ta share gidan, ta sake sayen tattabaru biyu. Ba ta tambaye shi komai ba.

Yanzu ba ya zuwa kasuwa. Ya saki sauran macizan, yana yi wa mutane tsinkar albasa a gonar da dā tasa ce. Ya rame, ba ya faɗa da kowa, ni ma in na tsokane shi sai ya ce haka ne. Na fi son lokacin da yake zagina.

Kwanan baya masu ban ruwa suka ga mesa a bakin fadama, suka aiko masa kamar yadda aka saba. Na raka shi. Matashiya ce, baƙa, mai dabbare-dabbare kamar kowace mesa. Ya kama ta bayan kai cikin sauƙi, amma bai sa ta a buhu ba. Ya ɗaga ta yana duba ido, yana duba ciki, yana juya ta cikin haske, har mutane suka gaji suka koma bakin aikinsu. Sannan ya matso kusa da ni.

"Ummaru, wagga tana da shi ciki, ko ba ta da shi?"

Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma babu yadda za a yi a sani. Ya ajiye ta a ƙasa, muka tsaya muna kallo har ta shige cikin ciyawa.